Jakar da na ƙi ɗauka ce ta kai abokina ƙasar waje

Apa Mehrun, babbar yayarmu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki agaza mini da shawara, domin abin da yake cin raina ya kai shekara biyu, kuma ko matata ban iya faɗa wa ba. A jirgin ƙasa nake karanta filinki na ba da shawara, in wani ya gama da jarida ya bar ta a kan kujera. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, domin mu a wannan sana'ar kowa ya san kowa.

Ni kadi ne, mai ɗaukar jakar sanduna ga 'yan wasan golf. Shekarata arba'in da shida, gidana a Kolkata, amma rabin shekara ba na kwana a cikinsa. Yau muna Chandigarh, mako mai zuwa Pune, daga nan a nausa Assam. 'Yan wasa su hau jirgin sama, mu kuma mu bi jirgin ƙasa, wani lokaci kwana biyu muna zaune kamar buhunan shinkafa. In mun sauka mu kama ɗaki ɗaya mu huɗu kusa da tasha, mu ci gurasar roti da miyar wake ta dal a bakin titi, da asuba mu fita auna filin wasa. Jakar ta kai kilo ashirin, kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, tela ma ya sani. Ba kuka nake ba, Apa. Ina son aikina, kuma ba yabon kai ba, a duk masu yawon nan babu wanda ya fi ni sanin inda ƙwallo za ta karkata a bakin rami.

Maigidana shi ne Tejpal Sahab, shekara tara ina ɗauke da jakarsa. Mutumin kirki ne amma akwai zuciya, in ya buga ba daidai ba ni ne mai laifi, in ya buga daidai hannunsa ne. Bai taɓa cin gasa ba, sau biyu ya zo na uku. Sai dai ranar da mahaifina ya rasu ya baro Punjab ya zo, ya tsaya a bakin maƙabarta da rawaninsa har aka gama, ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Wannan ba na mantawa.

Abokina kuma Nitai ne. Na girme shi da shekara biyar, ni na koya masa aikin, shi ya sa har yau Ustad yake ce mini, wato malam. Shekara goma sha biyu ɗakinmu ɗaya a hanya. Ya san minsharina, na san warin safarsa. In azumi ya same mu a tafiya, shi da ba Musulmi ba shi ne mai yawon nemo mini dabino.

Shekara uku da suka wuce wani sabon ɗan wasa mai suna Debjit ya same ni a bayan kulob inda muke cin abinci, ya ce yana so in koma wurinsa. Na ce masa ba zan bar Tejpal Sahab ba. Abin da na faɗa ke nan, kuma abin da nake faɗa wa mutane ke nan har yau. Amma gaskiyar magana na kalli yadda yake buga ƙwallo na raina shi, na ce a raina wannan ɗan masu kuɗi ne, shekara ɗaya zai gaji ya koma shagon ubansa. Da bakina na ce masa ga Nitai can ba shi da wanda yake ɗaukar wa jaka, ya gwada shi. Har na tsokani Nitai a jirgi, na ce na samo masa aikin raino.

To, ɗan hakin da ka raina. Debjit ya ci gasa biyu, yanzu har ƙasashen waje ake gayyatarsa. Nitai da ko takalmin kirki ba shi da shi, yau shi ne Bangkok, shi ne Dubai. An buga hotonsa a jarida Debjit ya rungume shi. Matata Tarannum ta yanke hoton ta manna a jikin kabad, wai ai ɗan gida ne. Kullum in zan ɗauki riga sai mun haɗa ido. Ni kuwa fasfona shekara takwas yana cikin akwati, ko tambari ɗaya babu a ciki.

Kuma abin haushin, Nitai bai sauya ba. Da ya yi girman kai da na samu abin riƙewa. In gasar cikin gida ce, Debjit ya ce ya bi shi a jirgin sama, sai ya ce a'a, shi da Ustad zai tafi. Ya kawo mini rigar sanyi daga Koriya, mai kyau, na ce ta matse ni, alhali daidai take. In yana ba da labarin otal mai ruwan zafi a famfo, sauran abokan aikinmu suna dariya suna ce masa Nitai Sahab, wato ya zama maigida, ni sai in ji shayin ya koma mini maɗaci. Sai in riƙa ce wa kaina ai jakata ce, wurina aka fara zuwa, abin da na bari ne yake ci.

Ga abin da ya sa na rubuto. A bara muna gasa a wani fili a Assam, tsakiyar gonakin shayi. Kowane kadi yana da ɗan littafinsa da yake rubuta nisan kowane rami da yadda ƙasa ta karkata. Nawa na shekara ashirin ne, har ganyensa ya yi laushi kamar tsumma. An fitar da Tejpal Sahab daga gasar tun bayan kwana biyu, don haka ba ni da aiki. Debjit kuwa shi ne kan gaba a ranar ƙarshe. Ruwan sama ya jiƙe littafin Nitai, tawada ta dame. Da safe muna shan shayi ya ce, "Ustad, ara mini naka na yau kaɗai." Na dube shi na ce na manto shi a Kolkata. Apa, yana aljihuna na baya, a kansa nake zaune.

Na tsaya a bayan igiya cikin 'yan kallo. A rami na goma sha shida, ido yana nuna ƙasar ta gangara hagu, amma ƙwallo dama take bi, wajen rafi. Na rubuta haka a littafina, har na ja layi a ƙarƙashi. Na ga Nitai ya tsuguna, ya daɗe yana dubawa, ya nuna wa Debjit gangaren hagu. Ƙwallon ta wuce ramin da faɗin tafin hannu. Da bugu ɗaya aka ci Debjit. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, lokacin da ta wuce, daɗi na ji. Ba da yawa ba, kuma bai daɗe ba, amma na ji shi. A hanyar komawa Nitai ya saya mini puri, soyayyar gurasa, a tasha, yana ta zagin idonsa, yana cewa da Ustad ne da bai yi wannan kuskuren ba. Na ci purin.

Yanzu gwiwar Nitai ta lalace, za a yi masa aiki, likita ya ce wata uku ba zai ɗauki kaya ba. Debjit yana da gasa uku a waje cikin mako shida. Nitai ya zo har gida yana ɗingishi, ya ce in riƙe masa jakar. Ya ce, "Sauran duk kuraye ne, in na ba su ba za ta dawo ba. Kai kaɗai zan ba wa in kwanta a asibiti hankalina kwance." Tarannum har ta fito da fasfo ta goge shi.

Ni kuwa na san zuciyata. Na san in na tsaya bayan Debjit mako shida zai ga bambanci, kuma wani ɓangare na raina yana so ya gani, ya ce in zauna. Ga kuma Tejpal Sahab, shekararsa arba'in da huɗu, bana wasansa ya yi rauni, in bai taɓuka a gasa huɗun da suka rage ba za a karɓe katinsa na shiga gasa, kuma lokacin ɗaya ne da tafiyar. Ban faɗa masa komai ba tukuna. Nitai yana jiran amsata kafin ƙarshen wata. In tafi ko in zauna? Kuma wannan abin da ke cikin ƙirjina, yana da magani kuwa?

Naki,
Mai Karkatacciyar Kafaɗa, Kolkata


Wa alaikumus salam, ɗan'uwana.

Tambaya biyu ka yi, amma akwai ta uku da ka tsallake, kuma da ita za mu fara. Nitai zai damƙa maka abincin iyalinsa ne saboda ya ɗauka kai mutumin da ba zai taɓa cutar da shi ba ne. Akwai abin da bai sani ba. In ka karɓi jakar nan ba ka faɗa masa maganar littafin ba, ka sake yi masa ƙarya, wannan karon babba. Don haka kafin maganar tafiya ko zama, ka same shi ku biyu, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Yana iya fushi, yana iya janye tayinsa, kuma haƙƙinsa ne. Amma mutumin da ya san minsharinka shekara goma sha biyu, kada ka yi mamaki in ya ce maka tun ranar ya ga tudun littafin a aljihunka.

Ba zan yi maka faɗa a kan ƙyashi ba. Wanda ya sha rana shekara ashirin ya ga na bayansa ya wuce shi, in ya ce bai ji komai ba ƙarya yake yi. Zafin da ka ji ba laifi ba ne, hana littafin ne laifi, kuma kai ma ka sani, shi ya sa purin nan har yau bai wuce maka wuya ba. Sai dai kada ka ɗora wa kanka fiye da abin da ka aikata. Debjit ya buga ƙwallo sau ɗari biyu da wani abu a makon nan, ba bugu ɗaya ba. Ba ka da tabbacin littafinka zai ba shi kofi. Har a cikin nadamarka kana mayar da kanka sarkin fili.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani. Ka ce Nitai abin da ka bari yake ci. A'a. Abin da ka bari ɗan wasa ne da ko kai ba ka ga alheri a tare da shi ba. Shekara uku Nitai yana bin sa cikin rana da ruwa, yana lallashinsa in ya ɓaci, har gwiwarsa ta tafi. Wannan guminsa ne. Mai yiwuwa ka fi shi ido, na yarda, amma ɗan wasa ba ido kaɗai yake nema a wurin mai jakarsa ba. Da kai ka ɗauki jakar da rainin da ke ranka a lokacin, wa ya san ko Debjit zai kai inda ya kai? Ranar da ka daina ce mata jakarka, rabin ciwon zai sauka. Wanda ka koya wa aiki ne yake yawo a duniya, kuma ko'ina ya je da sunanka na Ustad yake zuwa.

Sai Tejpal Sahab. Shi ma kada ka yanke masa hukunci a bayan idonsa, ko na tafiya ko na sadaukarwa. Ka faɗa masa tayin da aka yi maka. Ya daɗe a harkar nan, ya san abin da mako shida a waje yake nufi ga kadi mai shekarunka. In ya ce ka tafi, ka nemo masa amintaccen mutum da kanka, ka zauna da shi ka karanta masa sirrin filaye huɗun nan kafin ka tashi. In kuwa ya ce yana buƙatarka, shawarata ka zauna. Wanda ya tsaya maka a ranar da ka binne mahaifinka, ba a shekarar da ƙafarsa take rawa ake barinsa ba. Ka ce wa mutane don amana ka ƙi Debjit, kana sane ba duka gaskiya ba ne. Ga dama ta zo da maganar za ta zama gaskiya.

In duka biyun suka sake ka, to ka tafi, ba haramun ba ne ka ga duniya. Amma da sharaɗi. Ku zauna kai da Nitai da Debjit, ka faɗi ranar da za ka mayar da jakar da bakinka, a gabansu, ka kuma gaya wa Debjit ko ya roƙe ka ba za ka zauna ba. In ka duba zuciyarka ka ga ba za ka iya furta wannan ba, kada ka taɓa jakar, ka taya Nitai neman wani.

Tarannum ma ta cancanci jin labarin nan. Shekara biyu tana zaune da mutumin da ba ta san me ya sa yake ɗaure fuska ba, wataƙila har tana zargin kanta.

Ko me Nitai ya ce maka, ranar da za a shiga da shi ɗakin aiki ka kasance a bakin ƙofa. In bai yi maka magana ba, ka zauna duk da haka. Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta maka zuciya, ya kai ka gida lafiya duk inda hanya ta nufa da kai.

Taka,
Apa Mehrun