Tiyon da ke cikin kwamin raguna

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Agadas?

Na so in yi shiru, amma bai yiwu ba. Ranar Talata Inna ta sha ruwan pompo kafin ta lura da warin kashin tumaki. Da na bincika, na tarar ɗan hayar gidanka na Konni yana barin pompo buɗe, bakin tiyon roba nutse cikin kwamin da ragunansa ke shan ruwa. Da zarar an ɗauke ruwa, bututu sai ya zuƙe ƙazantar, ya raba wa unguwarmu.

Na yi masa magana, ya ce, "Malam, kai ne mai gidan?"

Don Allah ka kira shi yau. Inna tana kwance da zawo, ku sa ta a addu'a. A gaida Hajiya da yara.

Ƙanenka,
Abdu