Ɗankwali Ruwan Ƙwai

Assalamu alaikum Yayana na kaina,

Ina fatan kana lafiya. Ya horo, ya gajiya? Ƙafar da takalmi ya ci ta warke? Mama da Baba suna gaishe ka. Wai yau ni ce da biro da takarda! Tunda sun karɓe muku wayoyi ba yadda zan yi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a boko.

Maganar Auta ce. Har yanzu jami'a shiru. Yarinyar nan ta rame, duk ta zama ido. Da ta farka sai shafin admishan, tana cin abinci yatsa na kan waya, shi kuma kullum abu ɗaya yake faɗa, wai ana dubawa. Ta ce in bana ma ba su ɗauke ta ba kamar bara, ta haƙura da karatu, ta dawo shagona tana sa maɓalli. Yaya, ni da ƙafata na bar makaranta, amma kan nan nata ba na sa maɓalli ba ne.

Shi ne na canja lambar sirrin shafin, na ce ni zan riƙa dubawa, tunda dama waya a hannuna take wuni. Ta yi kukanta ta yarda, amma ta ce kada in faɗa mata da baki, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sai muka yi alama. Ka tuna ɗankwali ruwan ƙwai da ka kawo min tsaraba? Kada ka ji haushi, yana ƙasan akwati, don wallahi ya cika muni. To ran da ta gan shi a kaina, ta samu.

Ka sa ta a addu'a.

Taka,
Rediyo

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci. Mu lafiyar jiki ƙalau, amma na yi ɓarna.

Mama ta wanke min ɗankwalaye, ruwan sama ya dake su a kan igiya. Da safe na makara, mai kaya na ta kirana, idona kuma na kan bidiyon wata mai koya yankan hannun riga. Na zura hannu a akwati na ɗaura abin da na samu na fito. Auta na shara. Ta yar da tsintsiya ta ƙwalla ihu, Mama ta fito tana kuka tana godiya ga Allah, Baba ya fito da kumfar aski a rabin fuska. Ni kuma ina ta tambaya me ya faru. Sai da na ga kaina a gilashin taga.

Da Auta ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta ɗauki tsintsiyarta ta ƙarasa sharar. Tun ranar fuskarta na bango in mun kwanta. Na tura mata bidiyon ban dariya sun fi a ƙirga, ko ɗaya ba ta buɗe ba, ina gani.

Ɗankwalin kuwa na sa masa almakashi a shago, yanzu da shi nake goge man keken ɗinki. Ka yafe min.

Ƙanwarka da bakinta ya mutu,
Rediyo

Assalamu alaikum Yayanmu!

Kana lafiya? Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Jiya ina auna wata mata na leƙa shafin, sai na ga rubutun ya canja. Na ruga wurin mai kemis na kusa da mu ya karanta min a hankali, don kada in ƙara wata ɓarnar. Sun ɗauke ta, Yaya! Kuma fannin da take so ɗin.

Na dawo neman ɗankwali, sai tsummoki. Na tattaro su na hau keke na harhaɗa, duk baƙin mai, na ɗaura na kama hanya. Mai kayan miya har tambayata ta yi ko lafiya. Matar da nake aunawa ma na manta da ita, da tef a wuya.

Na tarar da Auta a bakin famfo tana wanke-wanke. Ta kalle ni ta kau da kai, ta ɗauka tsokana ce. Ni kuma na yi alkawari ba da baki ba, sai na tsaya ƙyam na yi shiru. Ni fa, Rediyo! Can ta taso da kumfa a hannu, ta shafa ɗinkin, ta shinshina man keken. Ta ce wannan kam ba mai ɗaura shi bisa kuskure. Daga nan ban san wa ya riƙe wa ba, sai ga mu a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke.

Ta cire tsumman daga kaina ta sa a jakarta, wai da shi za ta tafi. Ɗakin zai yi min faɗi, amma kada ka gaya mata.

In za ka dawo ka sayo min wani. Ruwan ƙwai, mai munin nan sak. Wannan karon zan ɗaura.

Taka har kullum,
Rediyo