An Mai da Autana Wajen Makanikai

Daren Laraba, Kebbe.

Yau autana Bashiru ya yi waya daga wurin horon soja. Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. An fidda ni daga masu shiga daji, an mai da ni sashen gyaran motoci. Motarmu ta mace a hanya, ni na tashe ta." Na zauna kan tabarma, ina ta hamdala.

Sai dai wani abu ya tsaya mani a rai. Lokacin da Bashiru ke koyon gyaran mota a garejin Malam Garba a Tambuwal, ni ce na je can har sau biyu, na ce ya kori yaron nan, don aikin garejin ya hana shi noma. Bai kore shi ba. Gobe zan hau mashin in je in roƙi Malam Garba gafara, in ya so ya yi mani dariya.