Kada A Sayar Da Boksin Unguwa

Zuwa ga Baffa Malam Usman, shugaban kwamitin unguwarmu a Umdurman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a, ina gaida dattawan kwamiti baki ɗaya. Ni ce Hauwa, matar marigayi Idrisu direba, ɗaya daga cikin masu girki a takiya, inda ake dafa wa unguwa abinci kyauta.

Baffa, a bakin famfo na ji cewa kun yanke shawarar sayar da boksin unguwa, farar a-kori-kurar nan, wai shan manta ya yi yawa. Raina ya sosu, domin ba a tambayi ko mace ɗaya ba.

Na farko: gaskiya ne tana shan mai, kuma mai ya yi tsada. Amma a duba wa ke shayar da ita. Mai biki ya ara ya kwaso kujeru, mai gini ya loda mata siminti daga Bahri har ta durƙusa, kowa ya dawo da ita tanki a bushe, ya ce Allah ya saka. Da safe mu za mu kasuwar Suk al-Shabi ɗauko waken adas da gawayi, sai an tura ta zuwa gidan mai. Har kai, Baffa, ranar ɗaurin auren jikarka ka manta ba ka zuba mata mai ba. Ban faɗa don cin fuska ba.

Na biyu: tun rasuwar Idrisu ba wanda ya duba iskar tayoyinta ko ya sake mata baƙin mai a kan lokaci. Ko jaki aka yi wa haka, sai ya ƙi tafiya.

Na uku, wanda ya sa na ɗauki alƙalami: ranar da harbi ya yi tsanani, naƙuda ta kama 'yata Zainab. Babu keken rakisha mai ƙafa uku, babu tasi. A bayan motar nan muka shimfiɗa mata katifa, ina riƙe da kanta har asibiti. Motar ce kuma ta kai Idrisu makwancinsa, kai da kanka ka zauna a gaba. In an sayar da ita, a me za a ɗauki na gaba?

Roƙona kaɗan ne. A dakata da cinikin. Duk wanda ya ara don hidimarsa ya mayar da man da ya ƙona, amma mara lafiya da gawa kyauta. A damƙa makullin a hannun mutum ɗaya. A kuma kira mu mata zaman gaba. Mun yi magana a tsakaninmu, gyaran farko mu za mu ɗauka.

Kai ka yi min huɗuba ranar sunana, Baffa, shi ya sa ban ji nauyin kawo kukana gare ka ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa ka daɗe ba ka hau bayan motar nan a kwance ba.

Wassalam.
'Yarka, Hauwa.