Agogon Bohumil da Dokin Radim

Zuwa ga ƙanena Vratislav,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Jarmila da yara. Allah Ya sa ciwon bayan nan naka ya lafa, ko da yake na san ba ka jin maganar likita. Mu nan Pardubice lafiya lau. Mama tana nan da ƙarfinta, bana ma ta sa ni fere tuffa har hannuna ya yi kanta.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, maganar ɗana Radim da ubansa ce ta sa na rubuto. Ka san mijina Bohumil da agogonsa tun kafin ka tafi Kanada. Duk ranar sukuwa yana bakin fili yana auna lokacin da kowane doki ke ɗauka daga wannan shingen da dawakai ke tsallakewa zuwa na gaba, ya dawo gida ya sake bin tseren a talabijin yana danne-danne, wai doki na iya ruɗin ido amma ba ya ruɗin agogo. Da haka yake zaɓen wanda zai zuba wa kuɗi. Ni dai ban ga abin da agogon nan ya taɓa kawo mana ba sai rigima, amma hali zanen dutse ne.

To, Radim ya samu hawa a babban tseren wata mai zuwa, abin da yake mafarki tun yana share barga. An ba shi wani baƙin doki, Havran, wanda ya ci tsere biyu a bana. Muna cikin murna Bohumil ya zauna ya auna dokin. Wai Havran ya ci ne don bai gamu da gwanaye ba, kuma da zarar ya ratsa ɓangaren filin tseren da aka yi wa huɗa sai gudunsa ya ragu, kowane tsere raguwar tana ƙaruwa. Wai gajiyayyen doki ba ya ɗaga ƙafa a shinge, ga shi wannan tseren ya fi sauran tsawo.

Muna shan miyar tafarnuwa ya ce wa yaron ya haƙura da hawan. Radim ya yi dariya ya tambaye shi wane doki ya zuba wa kuɗi. Bohumil ya sunkuyar da kai, don tuni ya yanki tikitin caca a kan wata goɗiya, Jiskra, da za ta kara da Havran a tseren. Yaron ya ajiye cokali ya ce ashe har ɗan cikinsa zai sauke daga sirdi saboda caca, wai tsoho ya je ya auna gudun kajin Mama ya ƙyale masu aiki. Tun ranar a barga yake kwana. Bohumil ya yaga tikitin a gabana, amma wanda ya kamata ya gani ba ya nan.

Vratislav, tsoro nake ji. Mai horar da dokin ya ce lafiyarsa ƙalau, likitan dabbobi ma haka, kuma agogon mijina ya sha yin ƙarya. Sai dai ban taɓa ganin ya ƙi abinci saboda doki ba sai yanzu. Kai ne ka fara ɗora Radim a kan sirdi, maganar kawunsa kaɗai yake ji, don Allah ka buga masa waya. Ban ma san abin da zan ce ka faɗa masa ba, don in ya sauka da wuya a sake ba shi irin wannan hawan, in kuma ya hau, ka san sauran.

Jiya na tambayi Bohumil ko zai je kallo. Ya ce zai je, amma ba zai hau benen 'yan kallo ba. Wai ya riga ya tambayo inda motar asibiti ke tsayawa kusa da shingayen ƙarshe, can zai tsaya.

Ka gaida Jarmila da Ondrej da ƙaramarku Bozena. Mama tana gaishe ka, ba ta san komai ba, kada ka faɗa mata.

Yayarka,
Zdenka