Kwanon Mma Ya Koma Gida

Nima, 4 ga Maris

Yaya Jalilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da matarka Sherifa da nauyin jikinta, da mutanen Kumasi baki ɗaya. Mu nan sai godiya.

Na san za ka yi faɗa, to ka yi abinka daga can. Na ba da aron kwanon marigayiya Mma, babban nan mai furanni da murfi. Wani malami, Mahama, ya shirya baje kolin kayan tarihin Zango a Kawukudi: tsofaffin hotuna, kekunan ɗinki, har da huhun goro. Sati uku ne kawai. Sun sa shi cikin gilashi, an rubuta sunan Mma, Hajiya Zelia ta Nima, a ƙasa. Kwanon da Mma ba ta taɓa yarda a zuba ko tuwo a ciki ba, yau baƙi ke ɗaukar hotonsa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaida kowa. Ƙanwarka,
Muniratu

Nima, 13 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka zauna kafin ka karanta. Kwanon nan ba namu ba ne.

Wata tsohuwa daga Maamobi, Hajiya Zuera, ta zo kallo ta nace a kifa mata shi. Mahama ya sa safar hannu ya kifa. Ɗigo uku na shuɗin fenti, shaidar kwanukanta. Kunya ta kama ni, na ɗauka Mma ta danne kayan mutane ne.

Sai ta ba ni labari. Shekarar da Baba ya rasu, ruwa kuma ya ci ɗakinmu, ita ta kawo mana abinci a cikinsa. Ka san ba a mayar da kwano wayam, Mma kuwa ko gishiri ba ta da shi. Hajiya Zuera ta ce mata, "Riƙe shi, sai ranar da kika sami abin farin ciki ki zubo mini." Daga nan aure ya kai ta Tamale, sai bana ta dawo.

Shekara talatin yana kan kabad, mu muna tsammanin ado ne. Abin ya tsaya mini a rai.

Taka,
Muniratu

Nima, 28 ga Maris

Yaya,

Barka da arziki, barka da suna. Yaya mai jego? Allah ya raya mana ƙaramar Zelia.

Na ga saƙonka, wai shi kaɗai ya rage mana na Mma, in saya wa tsohuwa sabo. Ban saya ba. Ranar Lahadi aka rufe baje kolin. Litinin na dafa waakye, shinkafa da waken nan namu, na soya masar shinkafa, na cika kwanon har murfi ya ƙi zama, na rungume shi a motar trotro zuwa gidan Hajiya Zuera a Maamobi.

Ta buɗe, ta tambayi na mene ne. Na ce an yi wa Mma takwara. Ta jima tana kallon abincin, sannan ta ce, "Zelia ta daɗe, amma ta kawo."

Kwanon yana can kan kabad ɗinta. In kana son ganinsa ka zo ka gaishe ta, kuma kar ka zo hannu rabbana.

Wassalam. Ƙanwarka,
Muniratu