Hannun Inna Bai Iske Gemu Ba

Ƙaura Namoda,
watan Rajab, 1421.

Zuwa ga yayana Alhaji Sabo, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran 'yan zango. Allah Ya sa wa goronka albarka, Ya tsare shi daga tsutsa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an yanke gero, dawa na nan tafe. Matata Rahma ta samu sauƙin ƙafarta, yara na zuwa makaranta, ƙanwarmu Indo kuma tana Zurmi wurin Inna kamar yadda ka bar ta.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, bari in yi maka albishir: garinmu ya gyaru. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, Allah Ya saukar mana da albarkar gemu irin wadda ba ka taɓa gani ba. Mutanen da ka sani da haɓa sumul kamar bayan ludayi, yau in ka gan su sai ka rusuna ka nemi addu'a. Wanda ya tauye maka mudu bara, bana ma zai tauye, amma yanzu yana yi yana shafa gemu, gwanin ban sha'awa. Ni ɗan koli ba ni da ta cewa. Ran Alhamis a kasuwar Shinkafi, kafin azahar matsefi da madubi sun ƙare a tirena. Shari'a dai ta Allah ce, mun karɓa hannu biyu. Gemunan ne ban san ko duka nasa ba ne.

To a daidai wannan lokaci da kowa ke shuka nasa, nawa ya yi mini sallama. Ka san gemuna, Yaya. Tun ba a sayen matsefi nake da shi. Likitan da ke duba ni a Zariya ya faɗa mini tun farko cewa maganin ciwon dajin nan da suke sa mini a ƙarin ruwa ba ya bambance baƙo da ɗan gida, duk abin da ke saurin tsiro sai ya taɓa shi. Na ce masa na ji, don a zatona gashin kai yake nufi, wanda dama hula ke rufewa. Sai wata safiya ina alwala, na sa yatsu in tsefe gemu kamar kullum, na ciro hannuna cike da shi. Ba zafi, ba jini. Ya biyo ruwa ya gangara makwarara a hankali, ina tsugune ina kallonsa kamar mai rakiyar baƙo. Daga baya gashin baki ya bi, gira ta bi, har gashin ido. Haladu wanzami ya zo ran Juma'a da zabirarsa, ya dube ni, ya mayar da aska kube, muka zauna muka yi hirar farashin awaki.

Sauran wahalar ba zan cika ka da ita ba. Tuwo a bakina kamar na lasa ƙarfe. Turaren da nake sayarwa, in iska ta kaɗo shi sai cikina ya juya. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda maganin ke ɗauke ni da rana tsaka. Ina zaune a rumfa, ana ciniki, sai in ji hayaniyar kasuwa ta ja baya kamar an tura ta hayin gulbi. Sai in gan mu ni da kai muna korar tsuntsaye a gonar Baba, gero ya fi mu tsawo, sai kuma geron ya koma gashi fari yana kaɗawa har iyakar ganin ido, raƙuman Jangeru na ratsa shi ba ƙarar tafiya. In na dawo, mai saye na tsaye da madubi a hannu, ya gama duba kansa ya koma duba ni.

Da yake kai ka ce a rufe maganar ciwon, kasuwa sai ta yi nata fassarar. Ka tuna Muhtari, ɗan kamashon tashar nan da ke cusa mutum goma a kujerar mutum huɗu? Yanzu Malam Muhtari ne. Ya zo rumfata da rakiya, ya sayi matsefi, sannan ya yi mini nasiha a kan aske gemu, ya ce bai dace dattijo kamata ya riƙa kwaikwayon ma'aikatan banki ba. Na gode masa, na tambaye shi ko a karatunsa ya iske hukuncin wanda ya aske gashin idonsa, don ni har shi na haɗa. Ya matso ya leƙa fuskata, ya ja da baya. Na yi dariya a lokacin. Da suka tafi na juya duk madubin tiren suka kalli ƙasa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inna ce matsalar. Ka rubuto ka nanata kada a gaya mata, tsohuwa ce, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Faɗi daga Kumasi ba wuya. Kai ka manta yadda take gane mu tun da idonta ya tafi: ba ta yarda da murya, sai ka durƙusa ta kama gemunka ta ja, sannan ta kira sunanka. Yaya zan kai mata wannan haɓa in ce lafiya lau nake? Sai na daina zuwa Zurmi. Ina aika mata sukari da sabulu ta hannun direbobi, ina cewa kasuwa ta riƙe ni. Damina guda ta wuce a haka. Har na fara tunanin in bar komawa Zariya, in jira gemun ya tsiro, in je ta ja shi ko sau ɗaya, abin da Allah zai yi Ya yi. Na faɗa wa Rahma haka, ta tashi ta shiga ɗaki.

Sai Indo ta zo da kanta. Ta ce Inna ta daina taɓa sukarin, ta sa an jera shi a kan randa. Kullum da la'asar tana sa a fitar da ita ƙofar zaure ta zauna tana sauraron motoci. Kuma ta tambayi Indo, a hankali, ko akwai wata magana da ta taɓa faɗa mini wadda ta ɓata mini rai, don ta bincika zuciyarta ba ta samo ba, amma tana so a roƙa mata gafara. Yaya, mun ɓoye mata ciwo don kada ta ji zafi, ashe wani muka ba ta wanda ba likitan da ke duba shi.

Washegari na shiga motar Zurmi. Na iske ta a gindin darbejiyar tsakar gida, inuwa na yawo a kan zaninta. Na durƙusa na cire hula. Hannunta ya zo inda ya saba, ya kama iska. Ya tsaya. Sannan ya sauka a haɓata, ya hau kumatu, ya bi inda gira take a da, ya zagaye kai gaba ɗaya a hankali kamar mai duba sabuwar ƙwarya ko ta tsage. Kaji sun yi shiru, ko kuwa ni ne na daina jin su. Can ta ce ta san wannan kan. Ta ce ranar sunana, da wanzami ya gama aski aka miƙo mata ni, haka yake, santsi da ɗumi, kuma ba ta zaci Allah zai sake ba ta shi a hannu ba.

Na gaya mata ba ni da lafiya, magani ne ya kwashe gashin. Ba ta tambayi sunan ciwon ba. Abin da ta tambaya shi ne ko maganin da ya cinye gashin yana cin abin da ke ciki. Na ce haka likita ke fata. Ta ce to in koma ya ci gaba da ci, ita ba gemu ta haifa ba. Ta sa Indo ta kawo man shanu ta shafe mini kai tas. Warinsa ya tayar mini da zuciya, amma ban motsa ba. Na yi barci a nan, kaina a cinyarta, da girmana da 'ya'yana, har aka kira la'asar. Litinin mai zuwa in Allah Ya so zan koma Zariya. Ko za a warke, ko gemun zai dawo, wannan ba a tirena yake ba.

Ka gaishe mini da Hajiya Kulsumu da Shamsu da Rashida, da Sule mai masaukinku. Rahma da Indo na gaishe ku, Haladu wanzami ma ya ce in sa sunansa. Ku sa ni a addu'a. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Gado.

Af, na kusa mantawa. Da zan taso Inna ta tambaye ni ko naka ya yi furfura. Na ce masu zuwa saro goro sun ce ya kai ƙirji, fari fat, ana ba ka sahun gaba saboda shi. Ta ce madalla. To Yaya, gemun nan mai kyau haka, yaushe rabon da ta ja shi?